Yadda Na Kai Goggo Asabe Masar Neman Numfashi

Tun da muka dawo daga Masar ban huta da tambaya ba. A motar safe da ke kai mu aiki Abuja, kafin mu wuce Masaka sai wani ya waiwayo ya ce in ba su labarin Alƙahira. A ofis haka, a gidan suna haka. Wasu kabarin Fir'auna suke so su ji, wasu kasuwar abaya. Na gaji da yanka labarin gunduwa-gunduwa, shi ya sa na zauna in rubuta shi gaba ɗaya. Amma in faɗa tun yanzu, ni ba yawon buɗe ido na je ba. Gine-ginen Fir'aunan nan ta tagar mota na hango su, daga nesa, ina riƙe da ledar magani. Goggona na kai asibiti.

Goggo Asabe ƙanwar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun ina ƙarama a gidanmu na unguwar Yara. Duk amaryar da aka kai ɗaki a tsohon garin Keffi tana tashin ƙamshi, da wuya in ba hannun Goggo ba ne. Turaren wuta take haɗawa, da humra. Tun tana amarya take soya itace da sukari da turare a babban kasko, hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida har ba ka ganin mai yin aikin. Ta kuma daɗe da asma. Da can ciwon yakan zo ya tafi, amma 'yan shekarun nan ya zo ya shimfiɗa tabarma. Abin shaƙar nan da ake cewa inhela har kala biyu take da shi, ga ƙwayoyin da suka kumbura mata fuska suka tayar mata da suga, ga kwanciya asibiti a kai a kai. Ranar da na same ta tana sallar la'asar a zaune, tana hutawa tsakanin aya da aya, ranar hankalina ya tashi.

Likitanta na nan Keffi ne ya ce akwai wata sabuwar allura ta masu asma mai taurin kai irin tata, amma samunta a nan da wuya, kuma sai an yi gwaje-gwaje an ga ko ta dace da ita. Ya ce yana da wata abokiyar karatu, likitar huhu a Alƙahira. Goggo ta saurare shi har ya gama, sannan ta tambaye shi ko allurar ta fi ƙarfin Ladi nas da ke bayan gidanmu ne, da har sai an hau jirgi. 'Ya'yanta dai suka haɗa kai suka shirya tafiyar. Babban ɗanta Sani ya kamata ya raka ta, sai ga shi ashe tsoron jirgi yake, abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Da aka zo neman wanda zai maye gurbinsa sai duk aka kalle ni, saboda na yi Islamiyya har ƙarshe, kuma na taɓa yin jawabi da Larabci ranar walimarmu. Tun daga ranar Goggo ke gaya wa mutane cewa Rakiya na jin Larabci kamar Hausa. Ban taɓa gyara mata ba, don ban san za a zo a gwada ni ba.

Ranar tafiya Sani ne ya tuƙa mu. Mun fito da wuri don mu tsere wa cunkoson Mararaba, ashe duk Nasarawa ma tunanin da suka yi ke nan. Muka tsaya cak tsakanin tirela da motar yashi, duk suna ta fesa mana baƙin hayaƙi. Muka rufe gilashi, Goggo ta ce zafi zai kashe ta. Muka buɗe, ta fara tari. Haka muka yi ta buɗewa da rufewa har Nyanya, tana shaƙar inhela tana yi wa direban tirelar addu'ar shiriya da muryar da ba ta yi kama da addu'a ba.

A filin jirgin Abuja na fara gane abin da ke cikin jakarta. Na ce mata kaya kaɗan, ta ce to. Da aka ɗora a ma'auni sai ga daddawa, kuka, kuɓewa busasshiya, yaji, man shanu a gora, har da muciya. Muciyar ce kawai na yi nasarar mayarwa hannun Sani. A jirgi ba ta ba ni wahala ba, sai dai ta ƙi cin abincinsu, ta ce naman bai yi kama da na dabbar da aka yanka tana da rai ba, kuma duk lokacin da ma'aikaciyar jirgin ta wuce sai Goggo ta bi ta da hanci ta gaya mini abin da aka haɗa a turarenta.

Da muka sauka Alƙahira, wani jami'in kwastan mai gashin baki ya buɗe jakar, ya ɗaga ledar kuka yana juya ta a gaban fitila. Garin ganye kore, a ƙulle, daga Najeriya: na ga abin da yake tunani a fuskarsa. Na tattaro duk Larabcina na ce masa wannan ganyen bishiya ne mai girma, muna yin miya da shi. Kalmar miya ce ta ɓace mini, sai na ce muna shan sa mu ji daɗi. Nan ya kira abokin aikinsa. Abokin ya buɗe robar yaji ya kai hanci, ya ja numfashi sosai. Bawan Allah ya yi atishawa har hularsa ta karkace, ya koma tari, idonsa na zubar da ruwa. Goggo ta dube shi da tausayin wanda ya san ciwon, ta zaro inhelarta ta miƙa masa. Dariya ta kama na farkon har ya dafa tebur, ya rufe jakar ya ce mu wuce.

A waje na tsayar da tasi, na yi wa direban bayani da cikakken Larabcin littafi, da wasali da komai: ya kai wannan mutum, shin za ka iya ɗaukar mu zuwa wannan gida? Ya tsaya ya saurare ni cikin ladabi har na kai aya, sannan ya ce, "Sadaƙallahul azim." Da ya mayar da nasa jawabin ban tsinci ko kalma ɗaya ba. Goggo ta tambaye ni me ya ce, na ce mata yana yi mana sannu da zuwa. Ta ce ai ta ga alama, mutumin kirki ne, har Ƙur'ani yake ja.

Masaukinmu ɗaki ne a gidan wata mata mai suna Amna, wadda ke saukar da masu jinya daga ƙasashenmu, tana kuma raka su asibiti ta yi musu tafinta. Bahaushiyar Sudan ce. Kakanninta sun tashi daga ƙasar Hausa da ƙafa za su Makka, suka tsaya a hanya, tsayuwar da ta zama zama. Ita kuma yaƙi ne ya koro ta Masar. Hausarta irin ta tsofaffi ce, an yayyafa mata Larabci, wani lokaci sai ta faɗi kalmar da rabona da jin ta tun kakata na raye. Gidan na can hawa na sama, akwai lif, na'urar hawa bene, amma rabinsa ado ne, yau ya yi aiki gobe ya huta. Mai gadin ginin, wani ƙaton dattijo mai doguwar riga, shi ya fara kiran Goggo da "Ya Hagga", don su haka suke faɗin Hajiya. Goggo ta ɗauka Goggo yake son cewa harshensa ya kasa, ta yi ta koya masa har muka baro ƙasar.

Abubuwa da yawa sun ba ta mamaki. Ta ga mace ta zuro kwando da igiya daga tagar bene, mai shago ya zuba mata kaya ta janye abinta. Wannan ya burge ta ƙwarai, ta ce da gidanmu bene ne da ta sallami duk masu yi mata aike. Ta ga mutum a kan keke da faifan burodi mai tsawon ƙofa a kansa, yana ratsa motoci. Tsallaka titi kuwa sai da muka koyi dabara: mu laɓe a gefen wata tsohuwar Bamisriya, in ta taka mu taka. Abin da ya fi damun Goggo shi ne gaisuwa. Za ta shiga lif ta fara tambayar mutum kwanan iyali da gajiya da sanyi, kafin ta kai ga yara ya fita. Ni kuma abin da ya dame ni shi ne shisha. Duk lungun da ka bi maza na zaune a bakin shagon shayi suna busa hayaƙi, sai na riƙa jan Goggo muna sauri kamar masu gudun ruwa.

Abinci kuwa, da safe wake, da rana wake, in ka yi ƙorafi a kawo maka wake da aka soya. Akwai wani da suke ji da shi, shinkafa da taliya da makaroni da wake duk a kwano ɗaya, Goggo ta ce wannan ai ragowar tukwane ce aka haɗa wa baƙi. Wata rana Amna ta ce za ta yi mana miyar da sarakunan Masar suke sha a da. Muka zauna muna jira da yunwa da girmamawa. Da aka kawo Goggo ta ɗaga cokali ta ga yauƙi, ta ɗanɗana, ta dube ni.

"Rakiya, lalo ne. Lalon da ke fitowa a bayan banɗakinmu."

Washegari ta ce ita za ta nuna musu miya. Ta kaɗa kuka ta jefa daddawa ba tausayi. Ba a jima ba aka ƙwanƙwasa ƙofa, sai ga mai gadi da wani mai gyaran famfo riƙe da kayan aiki, wai maƙwabta sun ce bututun masai ya fashe a hawanmu. Amna ta yi ta ba su haƙuri. Goggo kuwa ta sa aka zaunar da su ta zuba musu. Mai gyaran famfon ya gudu, amma mai gadi ya cinye ya nemi ƙari, daga ranar ya zama mutuminta.

Asibitin ba zan ce komai a kansa ba sai alheri. Likitar mace ce 'yar siririya mai saurin magana, ba ta kai ni shekaru ba. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ƙirji, sannan aka kai Goggo gwajin busa. Ana matse wa mutum hanci da wani abu kamar na shanya, a sa masa bututu a baki, nas ta tsaya a kansa tana ihu ya busa, ya busa, ya ƙara busawa. Goggo ta cire bututun ta ce a gaya wa yarinyar nan ta daina yi mata tsawa, ta haifi wanda ya girme ta. Aka sake, ta busa a hankali kamar mai fifita kunu. Sai da Amna ta ce mata ta ɗauka itace ne ɗanye ya ƙi kamawa ga baƙi a zaure, sannan ta yi busar da ake so. Ta kusa sumewa, amma nas ta tafa mata.

Da sakamako ya fito likitar ta zaunar da mu ta zana hanyar iska a takarda, kamar reshen bishiya. Tana faɗa da Larabci, Amna na juyawa, ni ina gyaɗa kai kamar da ma na sani. Ta ce cikin hanyoyin nan a shafe yake da wasu ƙwayoyin halitta ƙanana, su ne farkon abin da iska ke taɓawa. Da an ɗauka bango ne kawai, ashe masu gadi ne. In hayaƙi ko ƙura ko ƙwayar mura ta taɓa su, sai su saki wani sinadari, saƙo ne zuwa ga sojojin jiki cewa a kawo ɗauki. Sojojin su taru, wurin ya kumbura, majina ta cika, hanya ta tsuke. A jikin mai lafiya ana yin abin daidai misali a watse. A jikin Goggo masu gadin sun zama masu firgita, abu kaɗan sai su yi kururuwa, sojoji kuma ba sa komawa gida. Ta ce magungunan da Goggo ke sha suna bin taron ne suna lallashi bayan an riga an taru. Ita wannan allura saƙon take tarewa tun daga bakin mai gadi, kafin ya isa.

Goggo ta ƙura wa zanen ido. Can ta ce, "Wato irin Tabawa ce a ƙirjina." Tabawa maƙwabciyarmu ce a Yara, wadda ta taɓa tara unguwa da sanduna saboda akuya ta taɓa mata ƙyaure, a garin neman ɓarawo aka tattake mata tukwane. Amna ta juya wa likitar labarin Tabawa tun daga farko, likitar ta yi dariya har ta cire tabarau, ta ce a duk shekarunta na koyarwa ba ta sami misalin da ya kai wannan ba. Goggo ta tambaya ko allurar za ta kashe Tabawar ne. Aka ce a'a, ana bukatarta, muryarta kawai za a rage. Likitar ta ƙara da cewa ba warkewa ba ce, ba kowa take yi wa aiki ba, ba a ganin amfaninta sai an yi haƙuri, inhela kuma tana nan daram. Sannan ta tambayi sana'ar Goggo. Kafin in buɗe baki Goggo ta ce 'yar kasuwa ce. Amna ta juya haka, aka wuce. Aka sa mana ranar allurar farko.

Abin da ban lura da shi ba shi ne irin shaƙuwar da ta shiga tsakanin Goggo da Amna. Matan Sudan su ne iyayen gidan turare, kowa ya sani, Goggo kuwa ta daɗe tana jin labarin wani haɗi nasu da ba ta taɓa gano sirrinsa ba. Kullum suna ƙus-ƙus a kicin, in na shigo su koma zancen jikoki.

Ana gobe allura na fita da rana karɓo wani magani. Da na dawo tun daga matakala na ji ƙamshi, irin wanda ban taɓa ji ba, mai nauyi, mai daɗi. Ban gama jin daɗinsa ba gabana ya faɗi. Lif ya ƙi zuwa, na hau da gudu. Na tarar da hayaƙi ya cika falo, kasko na ci a baranda, Goggo na zaune a ƙasa ta dafa kujera da hannu biyu, kafaɗunta na ɗagawa. Ƙirjinta na fito kamar ana busa ƙaramin usur. Leɓenta ya canza launi. Amna na tsaye a kanta tana fesa mata inhela tana kuka. Na kira sunan Goggo, ta ɗago ido ta dube ni, ba ta iya cewa komai ba. Ban taɓa ganin Goggo ta rasa abin faɗa ba sai ranar.

Mai gadi ne ya cece mu. Ya hawo ya ɗora ta a kujerar roba, ya rungumi kujerar da ita a kai ya sauka da ita duk matakalar nan, yana ta cewa ya Hagga, ya Hagga. Ya tsaya tsakiyar titi ya tare tasi da ƙirjinsa. Direban da ya ga halin da ake ciki ya ɗora hannu a kan oda bai ɗaga ba har ƙofar asibiti. A motar na riƙe hannunta, yana da sanyi, ina ta tunanin me zan gaya wa Sani, da wane baki zan ce na kawo ta neman lafiya na mayar da ita a akwati. Duk addu'ar da na sani na karanta, wannan karon Larabcin bai ɓace mini ba.

Aka sa mata abin rufe hanci mai tururi, aka yi allurai, aka ɗaura ruwa. A hankali kafaɗun suka sauka. Wajen magariba ta buɗe ido ta yafito ni. Na kai kunne kusa da bakinta ina jiran wasiyya. Ta ɗaga robar hancin kaɗan.

"Ki ce wa Amna ta sauke kaskon nan. Itacen sandal ne na gaske, kar ya ƙone a banza."

Da likitar ta zo ta ji ainihin kasuwancin da Goggo ke yi, ba ta yi faɗa ba. Ta ja kujera ta zauna. Ta ce allurar za ta iya rage kururuwar masu gadi, amma ba za ta hana su jin wuta ba in an cinna musu ita a ƙofa kullum. Hayaƙi dai an gama da shi, in ana son numfashi. Amna ta juya maganar kanta a sunkuye. Goggo ta juya fuska bango.

Likitar da Amna suka fita, aka bar mu mu biyu. Sannan Goggo ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Rakiya, in na bar turare, wace ce ni a Keffi?" Ta ce da kaskon nan ta aurar da 'ya'yanta, da shi ta kai ni makaranta, da shi ta je Makka. Ta ce mata na shigowa gidanta ne don ƙamshi, in babu shi sai dai a zo duba ta kamar kowace tsohuwa. Na gyara mata bargo kawai.

Amna ce ta samo bakin zaren da ta dawo da abinci, idonta a kumbure. Ta ce a garinsu manyan masu turare ba sa tsayawa a kan wuta, wannan aikin yara ne. Babbar gwana awo take bayarwa, ta faɗi abin da za a zuba da lokacin da za a sauke, a kawo mata bayan ya huce ta yanke hukunci. Ta ce ita da ta ga Goggo na suya da kanta ta yi mamaki, mace mai daraja haka. Ban sani ba ko gaskiya ne ko a hanya ta ƙirƙiro shi. Goggo dai ta juyo daga bango ta ce da ma ta daɗe tana ganin aikin ya yi mata ƙanƙanta.

Da ta murmure aka yi allurar. Bayan duk wannan tafiya, abin bai fi ƙiftawar ido ba, a damtse, da wani abu kamar alƙalami. Goggo ta tambaya ko an fara, aka ce an gama. Ta ce da ta san haka ne da ta sa Ladi ta biyo mu ta ga yadda ake aiki ba zafi. Aka koya mini yadda ake yi, wata-wata, aka ba mu na wasu watanni a 'yar kula mai ƙanƙara, da gargaɗin kada ya yi zafi kada kuma ya daskare, sauran kuma likitanta na gida zai ci gaba da lura. Ranar rabuwa Goggo ta bar wa mai gadi ragowar daddawa, Amna kuma ta raɗa mata sirrin haɗin nan a kunne, suka rungume juna suna kuka kamar 'yan uwa ɗaya.

Kular nan a cinyata ta yi tafiya har Abuja. A can wani jami'i ya ce sai an buɗe an zazzage. Na nuna masa takardar likita, ya ce shi ba ya jin Larabci, na ce masa ni ma haka. Sai Goggo ta matso ta fara yi masa bayani tun daga masu gadin ƙirji, da sojoji, da Tabawa da akuyarta, da tukwanen da aka tattake. Layi ya yi tsawo a bayanmu. Tana shirin shiga labarin gwajin busa ya rufe kular da hannunsa ya ce, Mama, Allah ya ƙara lafiya, ku je.

A gida matsalar wuta ta taso, don firjinmu ya fi zama kabad. Wani mai kemis a bakin titi da ke da sola ya karɓi ajiyar allurar. Goggo takan aika a dubo mata ita, wani lokaci har da ƙosai, ban sani ba ko na mai kemis ne ko na allurar. Suyar turare kuwa ta koma Panda, gidan 'yarta Hadiza, Goggo na ba da umarni ta waya da ƙarfin da ba ya bukatar waya. Watan farko ba mu ga wani canji ba, har ta fara cewa an yi mata allurar ruwa. Daga baya muka lura an daɗe ba a kwana asibiti ba, fuskarta ta saɓe, likita ya fara rage ƙwayoyin. Har yanzu tana tari in an yi sanyi, inhela kuma na ɗaure a bakin zaninta.

Kwanan baya aka yi bikin 'yar Sani. Da yamma aka fito da amarya za a sa ta a mota, mata sun cika ƙofar gida, ina can baya ina rabon ruwa. Sai na ji guɗa ta tashi, siririya, mai tsawo, ta hau sama ta ƙi saukowa. Tsofaffin da ke wurin suka waiwaya gaba ɗaya, don sun san muryar. A zamaninta ba a kai amarya a Yara sai Goggo ta rangaɗa guɗa sau uku, amma yaran da ke wurin ba wanda ya taɓa ji, ciwo ya karɓe ta tun kafin su yi wayo. Na kutsa na same ta tsaye, hannu a hanci, ido a rufe. Ta kai ƙarshe ta sauke, ta tsaya tana sauraron ƙirjinta, mu ma muna saurare. Shiru. Sani ya juya baya yana goge ido da hula.

Goggo ta buɗe ido ta gan mu mun zuba mata ido. Ta gyara mayafi ta ce, "Me kuke kallo? Ku matsa mini, saura biyu."